Gurbin da Ɗaso Ta Bari

Saƙon ya shigo da hantsi, Mubina na tsaye a kicin ɗinta na unguwar Rusaifa a Makka tana yanka albasa. Lambar Najeriya ce babu suna, amma tana danna muryar sai wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Mubina, Ɗaso ce. In dai ba ki mutu ba, ga mu nan tafe. Ƙungiyar kurket ta matan Najeriya za ta Oman, wasa biyar za mu buga da su. Jirginmu zai yada zango a Jidda ranar Talata, ni da yarana uku za mu shigo umra. Ki same ni a Ƙofar Sarki Fahad ƙarfe tara na safe."

Ko sallama babu, balle ina kwana. Shekara goma sha uku, kuma Ɗaso tana nan da bakinta. Mubina ta saurari saƙon sau huɗu, daɗi da tsoro suka haɗe mata a ƙirji, domin ta san abin da ta yi wa baiwar Allahn nan, ba ta kuma san ko an yafe mata ba.

Tare suka tashi a Tudun Wada ta Kaduna. Wani malamin motsa jiki ne ya fara miƙa musu sandar kurket suna aji biyu na sakandare, 'yan mata suka fashe da dariya suna cewa an kawo musu muciyar Turawa. Cikin shekara guda su biyun suka gagari kowa. Mubina ba ta manta da waɗannan yammacin ba: warin ciyawa bayan ruwan sama, fararen wanduna da jar ƙasa ta rine, rake da suke sha a hanyar gida suna gardamar wa ta fi wa. Iyayensu mata har sun gaji da faɗa sun koma wanke musu kayan wasa.

Shi kurket, masu bugu biyu ne ke tsayawa, kowacce a nata gefen, a gaban turaku uku. Idan ɗaya ta buga ƙwallo sai su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ya riga mai gudu isa turakun, ta fita ke nan, sai kallo.

Ranar da masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka zo Kaduna, gurbi ɗaya ya rage na mai bugu, kuma ga su su biyu a fili. Mubina ta buga ƙwallo bai yi nisa ba, zumuɗi ya ɗebe ta, ta ƙwala "Zo!" ta zabura. Ɗaso ta ga babu hanya, ta tsaya a layinta tana ɗaga hannu, "A'a! Koma!" Ina, Mubina ta riga ta iso mata. Ƙwallo kuwa yana hanyar gefen da ta baro babu kowa. Laifin nata ne, ita ya kamata ta fita. Sai Ɗaso ta dube ta sau ɗaya, ta tako daga layinta ta wuce ta, don fitar ta faɗa a kanta. Ɗaso ta bar fili da maki uku. Mubina ta tsaya ta tara arba'in da takwas, aka kira sunanta.

Saura mako uku a tafi wasan farko bizar saurayinta Ubaidullah ta fito. Ya sami gurbin karatu a jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, kuma Mubina ce ta zaɓe shi da kanta, ba wanda ya tura ta. Aka ɗaura aure, ta haɗa kaya ta bi mijinta. Rigar ƙasa ko gwada ta ba ta yi ba. Gidan su Ɗaso kuwa, sau biyu tana zuwa bakin layinsu tana juyawa. A watannin farko a Makka wayar Ɗaso ta yi ta shigowa, Mubina na kallo har ta katse, tana cewa gobe za ta kira idan ta shirya abin faɗa. Goben ce ta zama shekara goma sha uku. A bakin mutane ta ji cewa an kira Ɗaso ƙungiyar ƙasa shekarar da ta biyo, gwiwarta ta goce ana atisaye, daga nan ta koma horar da yara.

Da yamma ta kai wa maƙwabciyarta Hajiya Ummulkhairi labarin. Ita haihuwar unguwar Tandabawi ce a nan Makka, Hausarta rabi Larabci, kuma duk abin da ta sani game da kurket shi ne 'yan Pakistan ɗin da ke hana mutane baccin rana a filin bayan gida ranar Juma'a.

"Yani ke ma kina wannan wasan na leburori?" Ta riƙe haɓa, tana kiran Mubina da alkunyar 'yarta Nuha. "Wallah ban taɓa sani ba, ya Ummu Nuha. Tayyib, ki je. Baƙuwar Allah ce, ko kashe ki za ta yi ba za ta yi a Harami ba."

Ranar Talata Ubaidullah ya sauke ta a Misfala, kusa da Harami, ta ƙarasa a ƙafa cikin alhazai. Rana ta riga ta fara dukan marmara. Ta tsaya a ƙofar tana duba fuskoki, ƙafarta ɗaya na son gudu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tafiyar ta fara ganewa kafin fuskar. Wata mace ce mai jiki cikin farin hijabi, tana jan ƙafar hagu, 'yan mata uku dogaye na biye da ita. Ɗaso ta tsaya ta ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"Kin yi ƙiba."

"Ke ma haka."

"Ni ina da dalili, gwiwa ce. Ke fa?" Ta juya ga yaran. "Ku gaishe ta. Ita ce Mubinar da nake ba ku labari."

Wane labarin? Yaran suka rusuna suna "Ina kwana, Anti," da ladabin da ya ƙara ɗaga wa Mubina hankali. Sauran 'yan ƙungiyar da ba Musulmi ba an bar su a otal a Jidda, kuma motar komawa ƙarfe biyu za ta tashi.

Ɗaso ta yi ɗawafinta da ƙafarta, da taurin kai, tana cije leɓe. Suna fitowa gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Ta zauna daɓas a gindin wani ginshiƙi, zufa na keto mata. Yaran suka ce za su kama ta, ta kore su su je su yi sa'ayinsu. Mubina, da ta san lungunan Harami kamar tsakar gidansu, ta tafi ta dawo da keken guragu.

"Ni za ki sa a wannan?"

"Arabiyya ce kawai, kowa na hawa. Yalla, zauna."

"Ji ta, wai yalla. An zama Balarabiya."

Ta dai zauna. Mubina ta kama hannayen keken suka fara daga Safa. Ɗaso na karanta addu'o'inta a ɗan littafi, Mubina na kallon ƙeyarta. Abin ya zo mata da sauƙi ta wani gefen, tunda ba sai sun haɗa ido ba. Zuwa na biyu Ɗaso ta rufe littafin ta fara ba ta labarin gida: malaminsu ya rasu bara, filin nan na ciyawa an kewaye shi da katanga, mai raken bakin titi har yanzu yana nan, ya yi furfura, yana tambayar ina ɗayar. Mubina ta ji kewar Kaduna ta taso mata.

A na huɗu ta kasa riƙewa.

"Ɗaso, ranar nan laifina ne. Babu gudu a wurin, ni na kira."

"Na sani. Ina wurin ai."

"Kika ba ni gurbinki, na zo na zubar. Da kin tsaya a layinki, da ke kika sa rigar. Ni na hana ki, kuma ban ma amfana ba. Kunyar wannan ce ta hana ni ɗaukar wayarki."

Ɗaso ta sa tafin hannu ta danne tayar, keken ya tsaya cak, har wata 'yar Indonesiya ta kusa faɗo musu. Mubina ta ja su gefe. Ɗaso ta murɗo wuya ta dube ta, idanunta sun yi ja.

"Wai ke shekara goma sha uku abin da kike ɗauke da shi ke nan? Gurbi? Ke kin fi ni bugu a ranar, kowa ya gani, kuma kurket haka yake, wadda hannunta bai zauna ba ita ke fita. Abin da nake koya wa yaran nan ke nan da sunanki. Kyauta na ba ki, in kin so ki sa riga, in kin so ki yi aure, naki ne. Da aka yanka mini gwiwa kwana ashirin na yi a asibiti. Duk wanda ya turo ƙofa sai na ɗaga kai, alhali na san kina Makka. Babata ta rasu, na kira ki sau shida a rana ɗaya. Gurbi na ba ki, Mubina. Ban ba ki ƙawata ki tafi da ita ba."

Mubina ta durƙusa a gefen keken, a tsakiyar dubban mutane, ta yi kukan da rabonta da shi tun tana amarya. Ashe duk shekarun nan ba a kan ciwon take neman gafara ba. Ba ta ma san Baba Lantana ta rasu ba, matar da ta sha wanke mata wandon wasa.

"Ki yafe mini."

"Tashi ki tura, saura uku, mota ba ta jira."

Suka ƙarasa a Marwa. Mubina ta ciro ɗan almakashi a jakarta, ta zura hannu ƙarƙashin hijabin ta kamo jelar kitson Ɗaso ta datse kamar gaɓar yatsa. Akwai furfura a ciki.

A bakin mota yaran suka shiga suka bar su. Mubina ta ce, "Ba ki ce komai ba."

"Ba zan yi miki ƙarya a garin nan ba, ban yafe ba tukuna." Ɗaso ta dafa ƙofar ta ɗaga ƙafar da ƙyar. "Wasa biyar gare mu. Kullum aka tashi zan kira ki, ko mun ci ko an ci mu. In kin ɗauka duka biyar, sai mu gani."

Ranar Juma'a aka buga na farko. Mubina ta kalla a waya, hoton na yankewa, tana yi wa yaran ihu daga Rusaifa kamar suna jin ta, har Hajiya Ummulkhairi ta ƙwanƙwasa bango tana tambayar ko lafiya. Oman ta ci da maki tara. Aka tashi bayan la'asar, Mubina ta ajiye wayar a cinyarta ta zauna. Ubaidullah ya leƙo yana neman shayi, ta ce ya haɗa da kansa. Minti goma, ashirin, arba'in. Ta fara lissafin ko Ɗaso ta ga gara ita ma ta ɗanɗana zafin jira, kuma ta san in haka ne ba a zalunce ta ba.

Wayar ba ta gama ƙarar farko ba ta ɗauka.

"Kin ga abin da yaran nan suka yi mini?" in ji Ɗaso, ko sallama babu.

"Na gani," Mubina ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Faɗa mini duka, ina jin ki."