Masu Buɗe Babi na Ɗaya

Mai gyaran waya ba ya karatu, amma yana son matarsa, kuma wannan haɗin ya sha jefa maza cikin wahala.

Matar tana aiki a kantin magani. In ta dawo gida sai ta zauna bakin gado tana rubuta ci gaban wani fim mai dogon zango da aka ƙare ba yadda ranta ya so ba, ta ɗora a shafin da masoya fim ke zuba irin nasu labaran. Ƙarƙashin kowane babi akwai lambar da ke nuna mutum nawa suka buɗe shi. Nata masu karatun ba za su cika motar haya biyu ba. Ya ga yadda take duba lambar tana taɓe baki, sai ya yi dabara.

Duk wayar da ya sauya wa gilashi, dole ya gwada ta kafin mai ita ya karɓa. Sai ya mai da labarin matarsa abin gwaji. Ya buɗe babi na ɗaya, ya ja yatsa sama da ƙasa, ya rufe. Lamba ta riƙa hawa, shi kuma yana tafiya a layi kamar wanda ya gina asibiti.

Wata rana ya dawo cin abincin rana, ya tarar da ita a kujera ido ja wur, tukunya ko ɗorawa ba a yi ba.

"Lafiya, marubuciya?"

"Goge labarin zan yi, Injiniya. Duka." Ta juyo masa da wayar. "Mutum ɗari huɗu sun buɗe babi na ɗaya. Na biyu, talatin da bakwai. Da dai ba su zo ba, sai in ce ba su san ni ba. Sun zo, sun ɗanɗana, sun tofar."

"Ai ɗari huɗu ba wasa ba ne."

"Ɗari huɗun da suka gudu!"

Yatsanta na kan maɓallin gogewa. Ya share gumi, ya faɗa mata komai yana kallon labule.

Ta janye yatsan daga maɓallin. "Waya nawa kake gyarawa a rana?"

"Huɗu, biyar. In an samu wuta."

"Tun yaushe?"

"Tun bikin ƙanwarki."

Ta lissafa da yatsu, leɓenta na motsi. Da aka cire wayoyin shago, abin da ya rage bai wuce arba'in ba. Ashe kusan duk wanda ya shigo da ƙafarsa ya wuce zuwa babi na biyu. Dariya ta kama ta har ta riƙe ciki, ta ajiye wayar.

"Allah ya shirye ka. To kai da ka buɗe fiye da sau ɗari uku, ya sunan yarinyar da ke cikin labarin?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai yarinya?"

Ta zaunar da shi a kujerar, ta danƙa masa wayar, ta shige kicin. Ya fara da ɓacin rai, yana motsa baki kamar mai karanta takardar kotu. Mai ya yi zafi a kasko, albasa ta soyu, bai ɗago ba. Can sai ya ƙwala mata kira.

"Ke! Wannan direban, ya san ita ce ta ɓoye makullin?"

"Wuce gaba ka gani," ta ce daga ciki.