Wanda Ya Kashe Tantabarun Ghali

Muhuyi ne. Muhuyi na gidan Ubale, wanda katangarmu ɗaya da shi, shi ya kashe su, kuma da turmina ya yi aikin. Ranka ya daɗe Dagaci, ba sai an shimfiɗa mini tabarma ba, a tsaye zan faɗa. Wancan da yake ta yi mini alama da hannu in sassauta murya, ya bari, ban fito da ƙaramar murya ba yau.

Ni ce Kulsumu, matar marigayi Shitu masunci. An san mu, muna cikin waɗanda aka taso lokacin da ruwan Tiga ya ci garinmu. Ban yi boko ba, ban iya tsara magana ba, amma yadda abin ya faru haka zan zuba shi.

Ghali autana ne. Yana da ɗan shago a Kwanar Dangora, inda yake buga wa mutane takardu a kwamfuta. Da ya fara na yi murna, na ce ga ɗana a inuwa, ba ruwansa da fartanya, ba ruwansa da taru. Ashe inuwar ce za ta cinye mini shi. Ya wuni a gaban babbar kwamfuta a shago, ya dawo gida da ƙarama a jaka, ya buɗe ta a cinya. Tuwo ya huce a gefensa har ƙuda ya gaji. Ido ya yi ja, wuya ya karkace, bayansa ya ranƙwafa ya fi nawa. Ka yi masa magana ya ce "uhm". Ka ce gobara ta kama, "uhm". 'Yarsa ta fara tafiya a gabansa, ta taka daga bakin ƙofa har gwiwarsa, bai ɗago ba. Matarsa Mubaraka ta gaji ta daina kula shi. Gida da namiji a ciki, amma shiru kamar an yi rasuwa.

Da ciwon kai ya kayar da shi muka kai shi asibiti. Likitan ya duba, ya ce wannan ba na allura ba ne. Ya ce ya nemi abin da zai riƙa yi da hannunsa, a waje, inda zai ɗaga kai ya ga sama. Ya gwada ƙwallo, ranar farko ya gurɗe ƙafa. Ya bi abokan ubansa cikin kwalekwale, ya yi ta sheƙa amai, ɗan masunci guda, har aka dawo da shi gaɓa ana dariya. Na ce shi ke nan, wannan yaro na akwatin nan ne har abada.

Sai ran nan ya shigo da kwali a bayan acaɓa, wani abu yana motsi a ciki. Na leƙa, tantabaru biyu.

Na ce, "Na miya ne?"

Ya ce, "Na kiwo ne, Inna."

Na ce, "Da gemunka? Ai wannan wasan yara ne."

Sai ya yi dariya. Ranka ya daɗe, na manta yadda haƙoransa suke sai ranar. Na shiga ɗaki na fito masa da tsofaffin tukwanena, waɗanda na ɗauko a ka daga tsohon gari, na ce ga ɗakin amarya da ango. Shi ya hau tsani ya ɗaure su a jikin katanga da hannunsa.

Daga nan ya koyi abin. Ya koyi rage musu fiffike har sai sun saba da gida sun yi ƙwai. Ya koyi jiƙa musu kanwa a ruwa. Ya san wadda za ta yi kwanci, ya san wanda ke neman faɗa. Biyu suka zama garke, tukwane suka cika katanga har na ƙara masa da tulun da ya tsage. Da sassafe kafin ya tafi shago sai ya sake su, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, suna kewaya gari yana yi musu fito. La'asar na yi ya rufe shago ya taho, don kada su kwanta bai gan su ba. Wuyan nan ya miƙe. Ya riƙa cin tuwo har da neman ƙari. Ya sa musu sunaye. Wata ƙatuwa mai tafiyar ƙasaita ya ce Hajiya ce. Wata baƙa mai saran duk wanda ya matso, ya ce sunanta Inna Kulu.

Na ce, "Ni ce mai saran mutane?"

Ya ce, "Ni dai ban faɗa ba, ke kika gane 'yar'uwarki."

Jakar kwamfutar nan sai ta kwana a rataye a ƙusa ba a taɓa ta ba. Ni da na raina tantabara, na koma ni ke tsince musu gero.

To, masu tantabara suna da dokarsu, ba ni na kafa ta ba. Duk wadda ta sauka gidanka, ta shiga tukunyarka da ƙafarta, taka ce. Kowa ya san da wannan doka Muhuyi ya tara nasa garken. Shekara da shekaru yana janye na mutane, in an zo biko ya ce, "Da ƙafarta ta zo, ni ban aika mata ba." Yana da wani farin namiji mai gashi har ƙafa, wanda yake cika baki da shi a kowace majalisa, wai babu irinsa daga Kiru har Tudun Wada. To farin nan sai ya ga wata mai ruwan toka a garken Ghali, ya biyo ta, ya shige tukunya ya yi zamansa.

A doka ya zama na Ghali. Amma ɗana ba haka aka yi shi ba. Ya kama shi ya kai masa har zaure. Washegari farin ya dawo. Ya sake mayarwa, ya sake dawowa. Muhuyi ya kulle shi, ranar da ya buɗe ko ruwa bai tsaya sha ba, sai gidanmu. Magana ta kai teburin mai shayi. Masu shan shayi suka sa Muhuyi a gaba.

"Muhuyi, an ce angon naka ya tare a gidan amarya?"

"To ka kai lefe mana, kada a ce danginsa matsiyata ne!"

"Wai gero ne babu a gidan, ko halin maigidan ne tsuntsu ma ya gani?"

Ya shigo mini gida ko sallamar kirki babu, yana huci.

Ya ce, "Gwaggo, ki gaya wa ɗanki ya daina sa wa tsuntsuna asiri a ruwa."

Na ce, "Asirin kanwa ce da gero. Kai da me kake ciyar da naka, dusa da cika baki? Sau nawa aka kai maka shi? Na mutanen da ka cinye, guda nawa ka mayar?"

Ya kalli katangar nan, ya kalli tukwane, ya ce, "Shi ke nan." Ya fita.

Bayan 'yan kwanaki matarsa Saudatu ta shigo aron turmi, wai nasu ya tsage. Tsakaninmu ba a hana turmi, ba a hana wuta. Na ce ɗauki. Kafin azahar ta dawo da shi, a wanke tas, har yana ƙanshin sabulu. Na ce a raina, yau kuma wace tsafta ce ta sauka, wa yake wanke turmin aro da sabulu? Na jingine shi.

Washegari da safe Ghali ya saki tantabarun kamar kullum. Suka yi kewayensu, suka sauka a masussukar da ke bayan gidan Muhuyi, inda suka saba kiwo. Ghali yana ɗaure takalmi zai tafi shago, sai muka ji tim a kan kwano. Sai wata ta faɗo cikin randa. Sai wata a gaban murhu, tana juyi, tana buɗe baki. Suna tahowa gida suna zubowa. Ɗana ya cire rigarsa yana bi yana tsinta, yana kiran sunayensu, yana ɗura musu ruwa da manja, suna mutuwa a hannunsa. Waɗanda suka iya kaiwa tukunya a ciki suka ƙare. Har farin, ranka ya daɗe. Har farin Muhuyi da ake rigimar a kansa, a tukunyarmu muka zaro shi, kusa da mai ruwan tokar. Wato a wurin Muhuyi gara ya mutu da a ce ya zaɓi gidanmu.

Ni ban yi kuka ba. Wuƙa na ɗauko, na tsaga ƙirjin Hajiya inda tsaba ke taruwa. Masara ce, ja jawur, irin nan na kamfani mai magani da masu noman rani suke shukawa. Kuma ba ɗaiɗaya take ba, ɓarzajjiya ce, daidai bakin tsuntsu. Na ce wa yake ɓarza iri? Iri ai shuka shi ake yi. Sai na tuna ƙanshin sabulu. Na mirgino turmin nan cikin rana, na leƙa. Akwai wata 'yar tsaga a gindinsa da ni kaɗai na san da ita. Ga ta nan, a leƙa, a sa tsinke. Jan yana ciki har yanzu, sabulu bai kai can ba.

A turmin nan nake daka geron kunun jikokina. Da safen nan ma na jiƙa gero zan daka, faɗuwar tantabarun ce ta tsayar da ni.

Na tafi gidan Muhuyi da turmin. Saudatu tana ganina ta fashe da kuka.

Ta ce, "Wallahi Gwaggo, ni dai ya ce in aro. Ya shiga da shi ɗaki ya turo ƙofa. Da ya fito ya ce in wanke da kyau."

Shi kuwa ya fito yana sakace haƙori, ya ce, "Ɓeraye na sa wa."

Na ce, "Ɓeraye a tsakiyar masussuka, a fili, da safe? Ya aka yi ranar ka kulle naka garken ba ka sake su ba? Su ma tsoron ɓera suke ji?"

Ya ce, "Gwaggo, girma ya kama ki, ki riƙa tauna magana."

Ni! Ni da na goya shi a bayan nan lokacin da uwarsa take kwance, ya yi mini fitsari a zane ba sau ɗaya ba.

Na kai wa mai unguwa. Ya saurara yana kallon ƙasa, ya ce, "Kulsumu, tsuntsu ne fa. A duba maƙwabtaka, a yi haƙuri." Wai Muhuyi zai kawo guda biyu a kwali, a shiga da su ta bayan gida, magana ta mutu. Na ce ya soya su ya ci.

Tsuntsu ne. To a zo a ga abin da tsuntsun ya tafi da shi. 'Yan shilan da aka bari a tukwane ba uwa ba uba, ni na riƙa tauna gero da ragowar haƙorana ina ba su a baki, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ghali ya hau tsani ya kwance tukwanen duka, ya kife su a bayan ɗaki. Ya sauko da jakar nan daga ƙusa. Yanzu haka da nake tsaye a nan yana can a ɗaka, haske a fuskarsa, tuwon jiya yana gefensa. Ciwon kan ya dawo.

Na shiga na same shi, na ce, "Tashi mu je kasuwa, ni zan zaɓa maka wasu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Inna, in na sake zubawa, gobe ya sake watsawa, a ce ɓeraye ne, a ce a yi haƙuri. Wannan ita ba mai sa mata guba."

Shi ya bar wa Allah. Ni ma na bar wa Allah, amma ban bar wa Muhuyi ba. Na je layin masu tantabara a kasuwa, na shimfiɗa musu fiffiken farin nan, na ba su labari tun daga fari. Yanzu in ya doso sai kowa ya rufe kejinsa. Kullum da hantsi ina mirgina turmin nan zuwa ƙofar gidansa, in kife shi in zauna a kai, duk wanda ya wuce in juyo shi in ce zo ka leƙa. Matan unguwa sun daina ba gidansa aron ko ludayi. Ya koma fita ta kan katanga kamar ɓarawo. Kuma ban gaji ba. Ban yafe goyon da na yi masa ba, ban yafe tuwona da ya ci ba. Ina roƙon Allah ya hana shi jin daɗin duk abin da yake ɗaga kai ya kalla ya ji sanyi, yadda ya hana ɗana.

Amma zaman ƙofar gida ba zai fito mini da Ghali daga ɗaki ba. Ba zai sake ɗaura tukunya ba sai ya ji da kunnensa an kira abin nan da sunansa, a gaban mutane, an ce guba ce, an ce ganganci ne, an ce wanda ya sake zai gani. Abin da ya kawo ni ke nan.

Ranka ya daɗe, ka aika a zo da Muhuyi yanzu, ba gobe ba. A kira Ghali ya tsaya a nan. A sa Muhuyi ya durƙusa ya leƙa turmin nan, ya faɗa da bakinsa abin da ya daka a ciki, da wanda ya daka dominsa. In an ce nan ma tsuntsu ne, to a faɗa mini a fili, in ɗora turmina a mota in tafi Bebeji gaban alƙali. Amma wani sai ya amsa mini. Ina Muhuyi? A fito da shi.