Balaraba ta Bango

Ƙudaje ne kawai suka yi ciniki a faifan Balaraba ranar kasuwar nan. Malam Garzali na tsaye a inuwar ɗorawa, yana kallonta tana korar su da mafici, mutane na ratsewa ta gefenta kamar masu kauce wa kwata. Ya san abin da ya kori mutanen. Da hannunsa ya rubuta shi.

Shekara uku ke nan da ya shafe bangon makarantar firamare da baƙin fenti, ɓangaren da ke kallon hanya. Mutanen garin duk 'yan tashi ne. Ruwan dam ɗin Tiga ya cinye ƙauyukansu, aka warwatsa dangi, wa a nan, ƙane a Kiru, gwaggo a Tudun Wada. Sai ya riƙa rubuta labarinsu a bangon kowace Laraba: wance ta sauka lafiya, wane ya dawo daga Makka, Hamman na cigiyar karsana mai farin goshi. Ranar Alhamis 'yan aji biyar su kwafe a darasin rubutu, ya duba da jan biro, su je gida su karanta wa iyaye. Direbobi ma kan tsaya su karanta, su kai gaba.

Bara Balaraba ta tare shi. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da murhun banda.

"Malam, karsana ma ta hau bango, ni fa? Rubuta kifina ya fi na kowa."

Ya yi dariya, ya rubuta cewa akwai bandar kifi a wajen Balaraba. Kafin wata ya zagayo har ma'aikatan dam na aiko a sayo musu wajen "Balaraba ta bango".

Sai ga shi gida guda sun kwanta da amai da gudawa. Duba-gari ya gaya wa Malam cewa wasu masunta na zuba maganin ƙwarin auduga a lungunan ruwa, kifi ya taso su kwashe. Malam ya rubuta: "A kula. Ana kashe kifi da maganin ƙwari. In an yi banda ba a gane shi." Bai kama sunan kowa ba. Abin da ya manta shi ne, a shekara uku mai kifi ɗaya ce tak ta taɓa hawa bangon.

Ya bar inuwar, ya tsuguna gaban faifanta.

"Sannu da kasuwa, Yaya Balaraba."

"Kasuwa na wajen masu ita, Malam. Zo ka taya ni gadi."

"Wallahi ban ambaci sunanki ba."

"Ka ambata tun bara. Ga Rabi can da ba ka taɓa rubutawa ba, ta sayar ta kaɗe faifanta. Cewa ake Malam kunya ta hana shi faɗa, amma wace mai kifi ya sani in ba ni ba?" Ta ajiye maficin. "Ka koma ka rubuta kifina lafiyayye ne."

"A wajen wa kike sari?"

"Wanda kwalekwalensa ya fara isowa."

"Kin san yadda suka kama shi?"

"Ni na shiga ruwan?"

In ya rubuta, ya yi shaida kan abin da idonsa bai gani ba, kuma in ɗan wani ya ci ya mutu, da rubutunsa aka ci. In bai rubuta ba, ga marayu huɗu. Ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga inda za a kama ta babu ƙaya ba.

Washegari ya je bakin ruwa. Kowane masunci ya rantse, ya nuna wani da haɓa. Ranar Laraba ya rubuta: "Gargaɗin makon jiya ba da kowa ake ba." Shitu tela ya karanta, awo rataye a wuya, ya kaɗa kai.

"Malam, ai ba a wanke riga sai da dauɗa. Da ma ka yi shiru."

Ya ɗebo ruwa ya wanke bangon fes. Amma littattafan yara arba'in na gidaje arba'in, kuma motocin da suka kai maganar har garin Doguwa ba za su dawo da ita ba.

Da kasuwa ta sake ci, ya je tsakiyar rana, lokacin da ta fi cika. Ya ce ta ba shi tarwaɗa ɗaya. Ya tsaya inda kowa zai gani, ya yi bismilla, ya ci har kai, yana tauna a hankali. Wannan shaidar kam ya iya bayarwa, tunda cikinsa ne.

Wata mata a bayansa ta ce da 'yar'uwarta, ba ta ko rage murya ba, "To, ita mahaukaciya ce da za ta zaɓa wa Malam mai maganin?"

Suka wuce wajen Rabi.

Balaraba ta kai hannu faifanta. Ta ƙunshe masa wasu biyu a takarda.

"Kai wa iyali. Jibi za su yi tsutsa. Ni gobe zan kai yaran Riruwai, wajen wana."

Sai a hanya ya dubi ƙunshin. Shafin littafin rubutu ne, mai ya jiƙa shi, ita kuwa ba ta karatun boko. Hannun yaro ne, harufa a miƙe kan layi: "In an yi banda ba a gane shi." A ƙasa, da jan biro, ga rubutunsa: "Goma bisa goma. Da kyau."