Matan Bakin Ƙofar Cocin Masaƙa

Kun gani. Kada wani ya ce mini bai gani ba. Kullum da safe kuna wucewa ta gaban Cocin Masaƙa a kan kekunanku, kuna taka farin garin da ke zube a gindin babbar ƙofa, ku kau da kai ku nufi kasuwa. Garin nan ba ƙura ba ce. Fuskokin mutane ne.

Su goma sha ɗaya ne, mata masu kaɗin ulu, an sassaƙa su a dutse a gefe biyu na ƙofar, kowace da mazarinta a hannu. Shekara ɗari shida ke nan suna tsaye. Ba sarki ne ya gina cocin nan ba. Masaƙan unguwarmu ne suka yi ta jigilar farin dutse a kwale-kwale, suka ɗaga ginshiƙai har wuya ya gaji da kallo, suka haɗe rufin da bakan gizo masu tsini, suka tokare bango daga waje da madogarai kamar haƙarƙari domin a samu wurin manyan tagogin gilashi. Da aka zo ƙofa, inda sauran coci-coci ke jera waliyyai, sai suka ce iyayensu mata za su sa. Bishop na zamanin ya yi fushi, shekara tara bai taka wurin ba. Daga baya masu farfasa gumaka suka shigo gari da guduma, suka ragargaje duk wani waliyyi da ke ciki, amma suka ƙyale matan, tunda babu mai roƙonsu komai.

Abin da guduma ta bari, gishiri ne ke cinsa yanzu.

Sunana Fien, 'yar Staf mai burodi. Da na dawo daga karatun gyaran tsofaffin gine-gine aka saka ni a kwamitin coci, don a ce akwai matasa a ciki. Ran da aka fara ƙanƙara bana, na iske Baba Achiel, mai kula da cocin, yana watsa wani abu a matakala daga bokiti. Na dangwali garin da ke ƙafar mace ta huɗu na sa a harshe. Gishiri zalla.

"Baba Achiel, tun yaushe kake zuba wannan?"

"Tun kina yawo da majina a shagon ubanki," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Matsa, malama injiniya, kin tare mini hanya."

Na yi masa bayani. Gishiri ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya shige dutse ya hau sama kamar yadda lagwani ke jan mai. Ruwa ya bushe, gishiri ya daskare a ciki ya tsattsage dutsen. Na ce yashi ma yana hana santsi.

"Yashi!" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Kin san Irma?"

Na san ta, matarsa ce. A matakalar nan ta zame wata safiyar Lahadi, shekara ashirin da biyu da suka wuce, ƙugunta ya karye. Ba ta sake tashi daga gado ba.

"To a buɗe ƙofar gefe a lokacin sanyi mana, babu matakala a can."

"Ƙofar gefe ta masu shara ce da masu kawo fure. Ta babbar ƙofa aka shigo da ke ranar baftismarki, ta nan za a fita da ni. Je ki gaya wa tsofaffin nan su zagaya ta wajen kwandon shara, ki ga ko za ki koma gida da kunnuwanki."

Na kai maganar kwamiti da hotuna da sakamakon gwaji. Madam Godelieve, shugabarmu, tana zuba kofi tana miƙa biskit.

"'Yar nan, cocin da ya ga yaƙi biyu bai faɗi ba, ɗan gishirin miya ne zai kayar da shi?"

"Ba ginin nake cewa ba, Madam. Mace ta huɗu ba ta da hanci. Bara tana da shi."

"Ni ma bara ina da haƙoran da babu su bana," in ji Ludo mai kantin magani. Aka kwashe da dariya. Fada Remi, wanda coci biyar ke wuyansa, ya duba agogo ya ce a ɗage maganar zuwa bazara.

Bazara! Lokacin da babu ƙanƙara, babu gishiri, babu abin tattaunawa.

Ban jira ba. Ranar Asabar da hantsi na aro motar burodin babana, na kwashe buhunan gishiri bakwai daga ɗakin ajiya, na ajiye na yashi a madadinsu. Baba Achiel ya tsaya yana kallona hannu a aljihu.

"In wani ya faɗi," ya ce a hankali, "ke za ki je ki gaya wa 'ya'yansa."

Na yarda. Mako uku ina zuwa kafin addu'ar safe ina watsa yashin da hannuna, ina riƙe hannun tsofaffi har su haye. Babu wanda ya faɗi. Ko mutum ɗaya. Baba Achiel da kansa ya fara gwada matakalar da tafin takalminsa yana gyaɗa kai.

Kun san abin da ya dawo da gishiri? Jan kafet. Madam Godelieve ce ta ba da shi kyauta don tunawa da mijinta, an shimfiɗa shi daga ƙofa har bagade. Yashi yana bin takalma yana shiga cikinsa.

"Kamar bakin teku!" ta ce. "Jiya awa biyu mata suna shara. Achiel, gobe ka koma yadda aka saba."

"Madam, kafet ana wanke shi. Fuska in ta zube..."

"Fien, uwarki mace ce mai ladabi. Ban san inda kika samo wannan baki ba."

Aka kaɗa ƙuri'a: shida da ɗaya, ni ce ɗayar. Fada Remi bai zo ba, yana jana'iza a wata unguwa.

A ƙarshen watan Fabrairu sanyi ya saki kwana biyu, sannan ya dawo da ƙarfi. Ranar Talata Baba Achiel ya shigo shagonmu, ya jira masu saye suka watse, ya ɗora wani gwangwanin biskit a kan teburin ciniki ya buɗe. A ciki, kwance a kan tsohon ƙyalle, fuskar mace ta huɗu ce, daga goshi zuwa haɓa, ta ɓanɓaro gaba ɗaya kamar ɓawon burodi. Bakinta na nan da ɗan murmushinsa.

"Da safe na tsince ta," ya ce. "Akwai wasu gwangwanaye takwas a bayan kabad ɗin rigunan Fada. Yatsu, kunne, bakin mazari. Kowanne na rubuta ranar."

"Ashe ka sani. Tun tuni ka sani!"

"Ni ke share wurin, 'yar Staf. Wa zai riga ni sani?" Ya murza hularsa a hannu. "Duk ran da na tsinci wani abu sai in ce dutse ne, Irma kuwa mutum ce. Da wannan nake barci. Sai ga ki da yashinki, mako uku babu wanda ya ko yi tangaɗi." Ya rufe gwangwanin. "Da kin bar ni da abin da na sani."

Ya fita bai sayi komai ba. Washegari na gan shi da bokitin gishiri, domin abin da kwamiti ya ce ke nan, shi kuma shekararsa saba'in da huɗu kuma a ɗakin coci yake zaune.

Yanzu kwamiti ya farka, kuma farkawar ta fi barcin muni. Ɗan'uwan Ludo mai aikin gini ya ce zai cike fuskar da siminti, ya shafe sauran goman da wani fenti mai hana ruwa shiga, "su yi fes kafin bikin Ista." Fentin da ya hana ruwa shiga zai hana shi fita. Za a kulle gishirin a ciki ya ci dutsen a ɓoye, bayan sanyi biyar ko shida su zube gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Na faɗa musu. Madam ta ce in rubuto a takarda.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za a yanke hukunci a ɗakin taron da ke bayan coci. Dokar Ikklisiyarmu ta ba duk wanda aka yi wa baftisma a nan damar shiga ya yi magana, kuma rabin garin nan a nan aka yi musu. Kujeru arba'in ne a ɗakin, ban taɓa ganin fiye da takwas da mutane a kai ba. Ku rufe shagunanku na awa ɗaya. Ku zo ku ce a hana siminti, a hana fentin, a daina gishiri, a naɗe kafet har sanyi ya wuce. Ku zo da kanku, kada ku aiko mini da gaisuwa.