Juma'ar Masu Kati

Filin da ke bayan tashar mota ba filin kirki ba ne. Awaki ke kwana a cikinsa, yara na buga wasan ƙwallon kurket, direbobin manyan motoci kuma sun mai da gindin katangarsa makewayi. Amma tun da aka fara kafa dogayen benayen gilashin nan a garinmu na gefen Delhi, a nan muke sallar Juma'a. Masallaci ɗaya tal gare mu a wannan ɓangaren, shi ma ko telolin layinmu ba zai ɗauke ba, balle leburorin da suka kwararo daga Bihar da Bengal. Ni ne mai ɗaura lasifika, don gyaran wuta ne sana'ata, kuma aikin Juma'a ban taɓa karɓar ko rupi ɗaya a kansa ba.

Kwatsam sai wasu samari masu ƙin jinin Musulmi, masu rataya ƙyalle ruwan lemo a wuya, waɗanda ba su taɓa hana ko jaki fitsari a filin ba, suka farga cewa ƙasar Indiya dungurungum tana gab da rushewa saboda tabarminmu. Suka riƙa zuwa da ganguna suna ihu a kan limaminmu. Suka jera motocin yashi a inda sahu ke tsayawa. Da hayaniya ta yi yawa hukuma ta yi abin da ta saba, ta kori wanda aka tsokana. Aka ce duk wanda ya ƙara shimfiɗa tabarma a filin gwamnati ko a kan titi, a bayan kanta zai kwana.

Daga nan maganar ta koma talabijin. Kullum da yamma a jera ƙarti a ƙananan akwatuna a fuskar allo suna tada jijiyar wuya a kan wa ke da ƙasar, a kawo Musulmi ƙwaya ɗaya a ajiye a tsakiya don a sami wanda za a yi wa tsawa. Yayana ne ya karɓi wannan kujera, kuma ya karɓe ta da hannu bibbiyu.

Dakta Mazhar Ansari ke nan, likitan haƙori, shugaban kwamitin zaman lafiya. Yana da 'yar tutar ƙasa da yake maƙalawa a ƙirjin kwat, kuma ko gaisuwa ka yi masa sai ya sanar da kai cewa shi ɗan Indiya ne tukuna sannan Musulmi, alhali ba wanda ya ce ya jera su. Mahaifinmu, Abbu, masaƙarsa ya sayar a ƙauye ya biya masa karatun likita. Yanzu Abbu a ɗakina yake zaune, da gemunsa ja jawur da lalle, da wandonsa da bai kai idon sawu ba, da haƙoran da taunar paan, ganyen da ake taunawa kamar goro, ta rine. In aka hasko Mazhar a talabijin, Abbu yakan kira maƙwabta su zo su ga ɗansa. Ko ana zagin ɗan, shi murmushi yake yi, wai ai da manya ake yi da shi.

Ana cikin haka sai Devinder Chawla, mai babban zauren biki da ke bakin titi, wanda ba Musulmi ba ne, ya fito ya ce ya ba Musulmi farfajiyar zaurensa su yi Juma'a. Jaridu suka ɗauka, wai an ga ɗan ƙasa na gari. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Zaɓen kansila na tafe, kuma hoton Chawla ya riga ya fara leƙowa a jikin turakun wuta.

An kira ni zaman shiri don in duba wayoyi. Chawla na hakimce a kujerar ango, yayana na gefensa, limaminmu Hafiz Mumtaz kuma ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda ya zo neman aiki. Chawla ya ce shi fa tun da ya buɗe wurin nan ba a taɓa shiga ba kati ba, ko bikin 'yarsa ta cikinsa sai da ƙannensa suka nuna kati a ƙofa. Ciyawar farfajiyar daga waje aka kawo irinta, ba za a sako masa garke su tattake ba. Don haka ya bugo kati ɗari biyu, masu bakin zinariya irin na ɗaurin aure, da tuta a sama. Mu da muke haura dubu a fili.

Hafiz Mumtaz ya yi gyaran murya, ya ce akwai 'yar matsala. A mazhabarmu ta Abu Hanifa, Juma'a ba ta inganta sai a wurin da aka bar wa kowa ya shiga. In an kulle ƙofa an zaɓi masu shiga, to ba Juma'a aka yi ba. Wannan ba ilimi ne mai zurfi ba, ko yaron da ke gyara taya a layinmu ya sani. Yayana ma ya sani sarai.

“Hafiz Sahib, wa ya ce za a kulle?” in ji Mazhar. “Za a cire kwaɗo. Ƙofa a buɗe take. Masu gadi ne kawai za su tsaya su taimaka wa jama'a.”

Hafiz ya dubi silin, ya dubi kofin shayinsa. Ɗakin da yake kwana da iyalinsa kwamitin yayana ne ke biyan hayarsa. Ya ce to, in dai babu kwaɗo, akwai malaman da suka sassauta. Bai faɗi sunan ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya matsa masa.

Da muka fito na miƙa wa yayana hannu ya ba ni katin Abbu. Ya ce Abbu ya tsufa, rana za ta dame shi, gara ya yi Azahar ɗinsa a gida. Na ce Abbun da yake zama a kan tsakuwa a fili cikin zafin bazara ne ciyawa za ta dama? Sai ya ja ni gefe ya rage murya.

“Saffu, ƙasar nan kaf za ta kalli sallar nan. Ka san irin fuskar da suke jira su gani su ce, ga su nan. Ni ba zan ba su ba.”

“Bhaijan, yayana,” na ce, “fuskar ubanka ce.”

“Kai ba ka gane siyasa ba. Je ka ja wayarka.”

Katin ya tafi hannun masu shaguna, da lauyoyi, da wani ɗan kwangila da ban taɓa gani a sahu ba ko ranar Idi. An ce kowa ya zo da farar riga a goge, mai gemu ya rage shi.

Ban ɓoye wa Abbu ba. Na gaya masa an yi kati, kuma babu nasa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce kati ai na masu cin abinci ne bayan salla, wa ya taɓa jin Juma'a da kati? In an tare ƙofa ai babu Juma'ar ma, kuma shi ya koya wa Mazhar wannan tun yana saƙale da shi a kafaɗa zuwa masallacin ƙauye. Ya ce ni dai tun ina yaro ba na son a yabi yayana. Ya sa Ammi, mahaifiyarmu, ta fito masa da farar kurtarsa, doguwar rigarsa ta Idi, ta goge, ya shafa turaren da ake ajiya.

Ranar Juma'a na shiga ta ƙofar kicin tare da masu dafa biryani, shinkafar biki mai nama, don ni ma ba ni da kati. An ce in juya lasifikan su kalli ciki, in kuma rage musu murya, kada maƙwabta su ji an dame su. An kafa tuta ƙatuwa a bayan mimbari, an shimfiɗa jan kafet ɗin amare. Masu kyamara sun kusa kai masu salla yawa. Daga kan tsani nake hango titi, ya cika maƙil da leburori, kowa da tabarmarsa a hammata, don sun ji a rediyo an ba Musulmi wuri. 'Yan sanda na tsaye da kulake suna maimaita musu cewa wanda ya shimfiɗa ya jawo wa kansa. Ƙofa kuwa gaskiya babu kwaɗo. An buɗe ta daidai faɗin mutum ɗaya, ƙarti biyu da sanduna sun cike gurbin.

Na hango jan gemun Abbu yana ratsa mutane har ya iso gaba. Na sauko da gudu. Na tarar yana yi wa mai gadi bayani cikin ladabi cewa shi ne mahaifin Dakta Sahib. Mai gadin ya ce tun safe mahaifan Dakta Sahib da kawunnansa suke zuwa, Baba ya matsa gefe ya ba masu kati hanya.

Na koma ciki na sami yayana yana gyara wa Chawla hular da aka ɗora masa don hoto. Na raɗa masa a kunne cewa Abbu na ƙofa. Bai ko juyo ba. Ya ce ya ji, bari a gama jawabi.

Na fita na ce wa Abbu ya zo mu zaga ta kicin, ba wanda zai kula. Ya dube ni kamar na zage shi.

“Ni in shiga Juma'a ta ƙofar kicin, ɗana yana shugaba? Yanzu zai fito. Aiki ne ya yi masa yawa.”

Sai na tsaya tare da shi. Ta 'yar kafar ƙofa muke jiyo jawabai sama-sama. Chawla ya ce shi duk addinai furanni ne a lambu ɗaya, aka tafa. Yayana ya ce yau an nuna wa duniya Musulmi mai tsafta, mai bin doka, mai son ƙasarsa, aka tafa. Wani lebura kusa da ni ya tambaya ko mu marasa tsaftar yaushe za a kira mu, wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki suka kama hanyar komawa aiki, don hutun da ake ba su na Juma'a ba ya jiran jawabi. Abbu bai ɗauke ido daga ƙofar ba. Duk wanda ya gifta da kwat sai ya ɗan miƙe wuya.

Huɗubar ba ta kai tsawon jawabin Chawla ba. Muka jiyo kabbara can ƙasa-ƙasa, daga lasifikan da ni da hannuna na rage wa murya. Leɓen Abbu na motsi, tabarmarsa na hammata, ɗan sanda na tsaye a bayansa. Da aka yi sallama sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Juma'a ta wuce shi ba, ko shekarar da aka yi masa aikin ido sai da muka riƙe masa hannu ya je. Raina ya ɓaci har na rasa inda zan sa idona.

Sai da aka gama sannan aka wangale ƙofa, wai za a raba wa talakawa biryani, kyamarori na biye da kulolin. Wata 'yar jarida na ta mita wa mai ɗaukar hotonta cewa hotunan ciki ba su da armashi, sai ka ce taron ma'aikatan banki, ina Musulmin? Tana juyowa ta yi arba da Abbu. Ta ce yauwa, ga fuskar da ake nema, wannan gemun shi ne shafin farko. Ta tambayi Dakta ko ya san tsohon.

“Ai mahaifina ne!” in ji yayana, ya buɗe hannuwa. “Abbu, ina ka tsaya tun ɗazu? Shigo, shigo.”

Ya rungume shi, ya ɗan jinkirta a rungumar har kyamarori suka samu. Chawla ma ya sunkuya ya taɓa ƙafar Abbu, wai gaisuwar girmamawa, bayan ya tabbatar ana kallo. Abbu ya bi su ciki, ya wuce jan kafet, ya shimfiɗa tasa tabarmar a kan ciyawar nan mai tsada, ya tada Azahar raka'a huɗu kamar kowane mutum da Juma'a ta kuɓuce masa. Ya yi ta a natse, masu kyamara kuwa suna zagaye shi, wani na durƙusawa, wani na hawa kujera.

Yana sallamewa mai hoton ya ce an samu matsala, tutar ba ta fito a bayansa ba. Ko Baba zai ɗan matsa nan ya sake sa goshi a ƙasa sau ɗaya? Yayana ya tsuguna kusa da shi.

“Abbu, sujada ɗaya kawai. Don ƙasa.”

Abbu ya naɗe tabarmarsa, ya dafa gwiwa ya miƙe ba tare da ya kama hannun da aka miƙa masa ba.

“Wanda na yi wa ya gani,” ya ce.

Na bar musu lasifikan a rataye na bi shi. Aka biyo mu da kwano biyu na biryani, ba wanda ya waiwaya. Mun yi nisa, mun wuce tashar mota, kafin ya yi magana, kuma bai dube ni ba.

“Saffu, da ka shiga ɗazu, ka gaya masa ina ƙofa?”

Na so in ce ban same shi ba, cunkoso ya yi yawa. Amma Abbu ba yaro ba ne. Na ce na gaya masa.

Ya gyaɗa kai, ya gyara tabarmar a hammatarsa. Muka ci gaba da tafiya har muka shigo layinmu, inda Ammi ke tsaye a bakin ƙofa da maƙwabta suna jiran a ba su labari. Sai ya rage sauri, ya kama hannun rigata.

“Kada ka gaya wa uwarku.”