Matsin da Bushra Ta Shiga

Layin waya a ƙauyen Nariya rabin magana yake kawowa, ya cinye rabi. Malam Muntari yana cikin gonar albasarsa 'yarsa Bushra ta kira daga jami'a, abin da ya iso kunnensa kawai shi ne, "Baba, matsin ya yi yawa... saura kaɗan... narke." Sai layi ya ɗauke.

Shi ne fa ya tsaya tsayin daka ta tafi karatun kimiyya, amma da sharaɗi: ranar da ta shiga matsi, karatu ya ƙare. Nan take ya aika ta tattaro kayanta ta dawo gida.

Ta iso da 'yar jaka ɗaya, kumatu sun ciko fiye da da. Malam ya dube ta sama da ƙasa, bai ga inda ta narke ba.

"Wa yake matsa miki?"

"Ni, Baba?"

Da ya maimaita mata abin da ya ji, Bushra ta rufe baki da mayafi, dariya na neman kayar da ita.

"Baba, roba ce! Wata iri nake bincike a kanta, sinadari biyu ne aka haɗa, kamar a tufka igiya da rama da kaba. In na jefa ta a wani irin mai, dangin kananzir, ƙememe take ƙin narkewa. Sai an rufe su a tukunyar ƙarfe an matse su da ƙarfin gaske, sannan ta narke, man ya washe tas. Kana sassautawa ya koma kamar tsinkakken nono. Ran nan albishir na kira in yi maka."

Kunya da daɗi suka haɗe wa Malam.

"Wato ke ce mai matsawar?"

"Ni ce, Baba."

"To, Allah Ya ba robar haƙuri. Na san halinki."

Washegari da kansa ya goya ta a babur zuwa tashar Kibiya, duk wanda suka gamu da shi sai ya ji labarin tukunyar ƙarfe. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga.

"Ki matsa mata sosai. Amma ranar da aka matsa miki, ki kira ni. Ko rabin maganar ya iso, ya ishe ni."