Kunyar Ɗan Fari

Nasiratu ta ɗora jaririn a kan sikeli, amma idonta na kan uwar. Haka take yi tun da ta dawo daga ƙarin karatu a Dakar, har sauran ungozomomin ɗakin awo suke tsokanarta wai ita iyaye take aunawa, ba 'ya'ya ba. Yaron ya ji sanyin ƙarfe ya fashe da kuka, kuka siriri irin na wanda bai ƙoshi ba. Uwar, wata doguwar yarinya mai suna Fa'iza, ta ci gaba da kallon bango. Ko kafaɗarta ba ta motsa ba.

Dattijuwar da ta rako ta ce ta ɗauki jaririn. Kadidiya sunanta, ita ce mahaifiyar Fa'iza, daga Bambeye suka shigo Tawa a motar kasuwa. Tana jijjiga shi tana ba matan da ke kan benci labari, baki har kunne, cewa tun da aka yanke cibi yarinyar nan ba ta ɗaga ido ta dubi abin da ta haifa ba. Nono ma sai an yi da gaske take ba shi. Matan suka yi ta sa albarka, wata ta ce irin wannan kunyar ai ta ƙare a birni, sai dai ƙauye.

Duk wanda ya tashi a nan ƙasar Adar ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai ta yi kamar ɗan maƙwabta ne. Nasiratu ma ta yi wa nata. Wannan kunyar ce ta mai da ita abin dariya a watanninta na farko bayan dawowarta. A Dakar an koya musu tambayoyin gane matar da hankalinta ya taɓu bayan haihuwa, ita kuwa ta zo da zafinta ta rinƙa jera wa masu jego. Kina jin daɗin ɗanki? Kina son ɗaukarsa? Kowace mai haihuwar fari sai ta rufe fuska ta ce a'a, mai lafiya da marar lafiya amsarsu ɗaya. Dole ta bar tambaya ta koma kallo. Ta gane mai kunya ɓarauniya ce: in yaro ya yi kuka za ta saci kallonsa ta wutsiyar ido, ko hannunta ya tashi ta yi maza ta mayar, ko nono ya jiƙa mata riga. Fa'iza ba ta saci komai ba, yaron kuma ya rame.

Nasiratu ta aiki Kadidiya layin allura, ta ce ta kama musu wuri. Ta karɓi jaririn, ta ja Fa'iza zuwa ɗan ɗakin ajiya inda littattafanta na Dakar suke cikin kwali, gara ta fara yi musu karatu. Ta kwantar da shi a kan tebur, ta tura ƙofa.

"Babu kowa nan, ƙanwata. Dibi ɗanki."

Da Fa'iza ta yi magana, muryarta a shimfiɗe take, babu kuka a ciki.

"Madam, in na dibe shi ban jin komi. Kamar icce anka aje gabana."

Sauran maganar da kyar ta fito. Ba ta barci. Abinci yashi ne a bakinta. Mijinta Lawali yana Abijan neman abinci kamar sauran samarin garinsu, bai ma ga yaron ba. Kowa yabonta yake yi, kuma duk yabon da aka yi sai ta ji ta fi kowa mugunta a duniya, don ita ta san ba kunya take ji ba. Sannan ta ambaci rijiyar da ke bayan gidansu. Ta ce ba ta taɓa zuwa bakinta ba tun da ta haihu, amma kullum tana cikin ranta, kuma in ta tuna ta ne kawai take jin sanyi.

Tsoro ya kama Nasiratu. Don irin wannan ranar ta bar 'ya'yanta ta tafi ƙasar wasu, kuma ga ranar ta zo ta same ta hannu rabbana.

Ta sami Almustafa, majon asibitin, wato shugaban ma'aikatan jinya, a inuwar bishiya da rediyo a kunne, yana sauraren rigimar 'yan jam'iyyu. Ana cikin yajin aiki, rabin ɗakunan a rufe suke. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta cinye shi. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya lissafa mata abin da ta riga ta sani. Gado babu. Maganin irin wannan ciwon ya ɓace daga kanti tun da aka karya darajar kuɗin sefa. Likitan ƙwaƙwalwa sai Yamai. Turawan ƙungiyar da suka biya mata karatun, da alkawarin buɗe ɗakin masu jego, sun naɗe tabarmarsu tuntuni.

"Malama Nasiratu," in ji shi, "jiya ba safar hannu munka karɓi haihuwa. Mi kika so in yi maki?"

Ta juya ta koma wajen Kadidiya. Ta ja ta gefe, nesa da kunnen matan benci, ta durƙusa kamar 'ya a gaban uwa. Ta ce ciwo ne, yana da suna, kuma ana warkewa. Ta roƙa a bar mata Fa'iza a gidanta, nan cikin Tawa, ta sa mata ido da kanta har abin ya sassauta.

Fuskar Kadidiya ta canza. Ta ce a ina aka taɓa jin mai jego ta bar wanka ba a yi arba'in ba, ta tare a gidan bare? In labari ya isa Kalfu, garin mijin, cewa an riƙe ta a birni don kanta ya taɓu, auren ya mutu ke nan. Ga ƙannenta mata a gida, wa zai zo neman 'yar gidan da aka ce akwai hauka? Yarinyar nan tarbiyya gare ta, shi ne 'yan boko suke neman su sa mata suna.

Sai a lokacin Nasiratu ta lura, tun safe dattijuwar ba ta kira sunan 'yarta ba ko sau ɗaya. Yarinyar nan, waccan, ita. Kuma ko tana magana da ita, gefe take kallo.

"Inna, yaushe rabonki da ki dibi huskarta?"

Kadidiya ta kau da kai. "Ita anka hwara ba ni. Ina ni ina kallon ta?"

Nasiratu ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ta faɗi maganar rijiyar, ba ta ɓoye komai ba. Dattijuwar tana son 'yarta, irin son da ba a ba ta damar nunawa ba tun ranar da ta haife ta. Amma da ta buɗe baki cewa ta yi mai jego ba ta zuwa rijiya, kuma za ta karɓo rubutu wajen malam. Arba'in ta kusa, in an gama za a mai da ita ɗakinta a Kalfu, can sai abin da Allah ya yi. Ta goya jikanta, ta ce wa iska, "Tashi mu tahi."

Nasiratu ta cire farar rigarta ta bi su har tasha, cikin rana, tana ta nanata magana ɗaya: kada a bar ta ita kaɗai, ko bayan gida za ta a raka ta, in abin ya ƙi a dawo, ga kwatancen gidana. Kadidiya tana cewa to, to, irin to ɗin da ake yi wa mai talla.

Motar Bambeye ta kusa cika, mata da buhuna da awaki a bayanta. Kadidiya ta kwance goyo don ta hau, ta rasa wa za ta miƙa wa, sai kawai Fa'iza ta miƙo hannu biyu. Ta karɓi yaron, ta janye zanen da ya rufe masa fuska. A gaban uwarta, a gaban duk matan motar, ta zuba masa ido. Ta bi goshinsa da yatsa, ta bi kunnensa, ta buɗe ɗan tafin hannunsa ta duba. Fuskarta ta yi wani irin kwanciya, har da ɗan murmushi.

Motar ta kaure da dariya. Wata ta ce kunya ta gudu, wata ta ce ruwan birni ne ya kama ta. Kadidiya ta rufe baki da gefen mayafi wai abin kunya, amma idanunta sun cika da hawayen murna. Ta leƙo ta ce, "Kin gani, madam? Ta warke. Allah shi saka maki."

Nasiratu ba ta iya cewa amin ba. Akwai darasin da aka yi musu a Dakar wanda ba ta manta ba, kan marar lafiyar da ta daɗe cikin ƙunci sannan rana ɗaya a ga ta natsu, tana kallon nata ɗaya bayan ɗaya. Malamin ya ce wannan ce ranar da ba a barin ta ta fita daga asibiti, don ta riga ta yanke shawara, bankwana take yi.

Ta kama ƙarfen motar ta fara magana, amma direba ya riga ya tayar da inji, matan kuma suna ta guɗar tsokana. Fa'iza ta mai da zanen kan fuskar yaron a hankali, ta miƙa wa uwarta shi, sannan ta dubi Nasiratu.

"Na gode, madam. Ki yahe wahalar da munka ba ki."

Motar ta ja, ƙarfen ya zame daga hannun Nasiratu. Ta tsaya har ta daina hango su, sannan ta kama hanyar asibiti, don akwai sauran yara a layin awo.